Ku Buɗe Kwalin: Nasiha ga Matasa Masu Sha'awar Tara LEGO

'Ya'yana, maza da mata, akwai wata sha'awa da na ga tana shiga zukatan wasunku da zarar albashin farko ya shigo hannu, wato tara tubalan roba na LEGO. Kuna ganin manyan mutane a YouTube, masu iyali da furfura, sun cika ɗakuna da jiragen ruwa da benaye da motocin tsere da suka harhaɗa da hannunsu, sai ranku ya biya. Na daɗe cikin wannan sha'awa, ina ƙaunarta har yau, kuma ƙaunar ce ta sa nake so in yi muku magana. Na ga waɗanda ta zame musu hutu da ilimi, na kuma ga waɗanda ta jefa cikin bashi da ɓacin rai a gida, alhali tubalan da ke hannunsu iri ɗaya ne.

Da farko dai kada ku ji kunya. Za a sami masu ce muku, "Ƙato da kai kana wasan yara?" Ku amsa da murmushi. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san motar kara da ta langa-langa, ya san ɗakin laka da ake ginawa bayan an ɗauke ruwan sama. Hannun da ya ɗanɗana daɗin ƙira ba ya mantawa don mai shi ya girma. Kamfanin LEGO ma ya san da haka, shi ya sa tun 2020 yake buga alamar shekara 18 zuwa sama a jikin wasu kwalayensa. Hasumiyar Eiffel da ya fitar a 2022 tubali 10,001 ce, tsawonta ya kusa mita ɗaya da rabi. Jirgin ruwan Titanic na 2021 yana da 9,090. Ba ɗan shekara bakwai aka yi wa waɗannan ba. Mutumin da ya wuni yana kallon kwamfuta a ofis, ko ya sha hayaniyar kasuwa, idan ya zauna sa'a guda yana neman wannan guntu yana manna shi a wancan, zuciyarsa tana samun nutsuwar da waya ba ta bayarwa. Wani kiwon tantabaru yake yi, wani dara, wani ƙwallo. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Amma ku san abin da kuke riƙe da shi, domin tarihinsa ma nasiha ne. Ole Kirk Christiansen, wanda ya kafa kamfanin, kafinta ne a wani ƙaramin gari mai suna Billund a ƙasar Denmak. A 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gine-gine ya tsaya, sai ya koma sassaƙa kayan wasan yara na katako don ya ciyar da iyalinsa. Gobara ta cinye masana'antarsa a 1942, ya sake tayar da ita. A 1949 suka fara yin tubalan roba, sai dai na farkon cikinsu holoƙo ne, ba sa kama juna sosai, ana ɗan taɓa gini sai ya watse. Sai a ranar 28 ga Janairun 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar dabarar da ta gyara komai: 'yan dunƙule a saman tubali, 'yan bututu a ƙarƙashinsa, su kama juna gam, amma kuma yatsun yaro su iya raba su. Tubalin da aka yi a waccan shekarar har yau yana shiga cikin wanda aka yi bana. Duk wahalar da suka sha, sun sha ta ne don a iya haɗawa, a raba, a sake haɗawa. Wani masanin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya ƙirga hanyoyin da za a iya haɗa tubala shida kacal masu launi ɗaya, irin masu dunƙule takwas ɗin nan, ya samu hanya 915,103,765. Ku riƙe wannan lamba a ranku, ku tuno ta duk ranar da zuciya ta ce muku abin da kuke da shi bai isa ba.

Zuciya kuwa za ta faɗa, kuma a nan ne matasa da yawa suke tuntuɓe. Wannan kaya ne da ake yi wa farashi da dala da yuro. Babban jirgin Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars da ya fito a 2017, mai tubali 7,541, dala 800 aka sa masa ranar da ya shiga kasuwa. Ku ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai kawowa, sannan ku juya shi zuwa naira ko sefa, za ku ga kuɗin hayar gida ne a cikin kwali ɗaya. Na ga saurayin da ya ci bashin manhajar waya don ya sayi saitin da ya fi ƙarfinsa. Ya gama harhaɗawa a 'yan kwanaki, amma ya yi watanni yana biyan ruwan bashin, har masu bin sa suka riƙa aika saƙon tozarci ga mutanen da ke cikin wayarsa. Daga ƙarshe ya sayar da saitin a ƙasa da yadda ya saya, kuma ko sunansa ba ya so ya ji. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku jera buƙatunku yadda iyayenmu suka jera: abinci, haya, kuɗin makaranta, magani, haƙƙin iyaye da 'yan'uwa, da ɗan abin da ake ajiyewa don ko-ta-kwana. Abin da ya rage bayan waɗannan, daga cikinsa ne sha'awa take samun rabonta. Ku yi mata asusu na musamman, kuna jefa kaɗan duk wata, ranar da ya cika ku saya hankali kwance. Saitin da aka tara kuɗinsa sannu a hankali yana da wani daɗi da na bashi ba ya da shi.

Akwai wani tsoro da masu talla suke hura wa wuta. Kamfanin ba ya barin saiti a kasuwa har abada, yawanci bayan 'yan shekaru kaɗan yakan daina yin sa. Don haka za ku ji ana cewa, "Idan ba ka saya yanzu ba, ka rasa ke nan." Gaskiya ne wasu za su wuce ku. To amma ɗaruruwan sababbi suna fitowa kowace shekara, kuma babu mai tarawa a duniya da ya mallaki duka. Idan wani ya kama muku rai, ku ba shi mako biyu. Wanda kuke so da gaske zai zauna a ranku, wanda hoto ne kawai ya ruɗe ku zai gushe da kansa. Gaggawa ba ta taɓa yi wa mai saye ciniki mai kyau ba.

Sai kuma masu cewa wannan ai jari ne, har ya fi zinariya. Maganar tana da tushe. Masu bincike a wata babbar makarantar tattalin arziki da ke Mosko sun duba farashin saituka sama da 2,000 na tsakanin 1987 da 2015, suka ga a matsakaicin lissafi darajarsu tana ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara. Sai dai matsakaici yana ɓoye abubuwa. A cikin lissafin akwai waɗanda suka ninka sau da yawa, akwai kuma waɗanda suka faɗi warwas. Ku dubi abin da ya faru da babban Millennium Falcon na farko, na 2007, wanda aka sayar dala 500. Bayan an daina yin sa farashinsa ya haura dubban daloli, mutane suka ɓoye kwalaye suna jiran ƙari. Da sabon ya fito a 2017, ya fi shi yawan tubala da kyau, sai darajar tsohon ta sauko. A 2017 ɗin ne kuma aka sake fitar da Taj Mahal na 2008, mai tubali 5,922, kusan yadda yake, da ƙarin guda ɗaya tal. Wanda ya daina yi shi ne mai ikon sake yi, kuma ba zai nemi shawararku ba. Ku ƙara da halin da muke ciki. Mai sayen irin wannan kaya da tsada galibi yana Turai ko Amurka, kuma kwali yake so sabo fil, ko lanƙwasa babu. Naku kwalin zai sha danshin damina da ƙurar hunturu, ga gara, ga ɓera, sannan ga kuɗin aikawa. In kuwa har da niyyar kasuwanci kuka saya, to ya zama haja, sai ku nemi malamai su yi muku bayanin zakkarta. Mai neman jari ya nemi abin da ya san kasuwarsa. Ku kuwa da kuka zo don ƙauna, ku buɗe kwalin. Tubalin da ya shekara goma a rufe bai faranta wa kowa rai ba, har da mai shi, wanda kullum yake cikin fargabar kada wani abu ya same shi.

Wata cutar masu tarawa ita ce son a ce komai akwai. Yau jiragen sama, gobe furanni, jibi motoci, gata gidajen birni, har ɗaki ya cika da kwalayen da ba a sami lokacin buɗewa ba. Kamfanin da kansa ya taɓa kamuwa da wannan cuta. A 2003 da 2004 ya tafka asara har ya kusa durƙushewa, saboda ya baza hannu ko'ina: wuraren shaƙatawa, tufafi, da nau'o'in tubali da suka haura dubu goma, wasu sau ɗaya kawai ake amfani da su. Da Jørgen Vig Knudstorp ya karɓi ragama a 2004, sai ya rage nau'o'in da kusan rabi, aka sayar da wuraren shaƙatawa na Legoland a 2005, aka koma kan tubalin da aka san kamfanin da shi. Ragewa ce ta cece shi. Ku ma ku zaɓi fanni ɗaya ko biyu da ranku ke so da gaske. Mai son injuna ya riƙe Technic, wanda tun 1977 yake koya wa mutane yadda giya da sitiyari da fistin suke aiki. Mai son gine-gine ya riƙe gine-gine. Ɗan tari kaɗan da kuka san kowane guntu a cikinsa ya fi ɗaki guda da kuka manta abin da ke ciki.

Idan kun tashi saye, ku buɗe ido. Wa'adin kariyar ainihin dabarar tubalin ya ƙare tun shekaru da dama, don haka akwai kamfanoni irin su Cobi na ƙasar Folan da Mega Bloks da suke yin nasu tubalan da nasu zane, bisa doka. Wanda ya sayi irin waɗannan da saninsa, daidai aljihunsa, babu abin kunya a ciki. Daidai ruwa daidai tsaki. Jabu daban ne, shi ne wanda ya kwafi zanen wani da kwalin wani. A 2019 'yan sandan ƙasar Sin sun kai samame kan masu yin Lepin, wanda ya yi suna wajen irin wannan kwafi, kuma shari'a ta kai wasu gidan yari. Na asali yana da sunan LEGO a kan kowane ɗan dunƙule, ku duba kafin ku biya. Ku yi hattara da tallan da ke yawo a Facebook da Instagram mai cewa an zabge kashi 80 cikin ɗari. Na ga waɗanda suka tura kuɗi suka jira har suka gaji. Araha ba ta ado. Sai dai akwai araha ta halal, ita ce na hannu. A cikin kayan wasan gwanjo akan tsinci tubalan asali a leda, a cakuɗe, da kuɗi kaɗan, kuma wanki kawai suke buƙata. Idan guntu ɗaya ya ɓace daga saiti, akwai kasuwar BrickLink a intanet, wadda aka kafa a 2000, kamfanin LEGO ya saye ta a 2019, inda ake sayar da guntu ɗai-ɗai. Ranar da ku ne masu sayarwa, ku faɗi gaskiya: wannan ya ɓace, wancan ba na asali ba ne, wannan ya dushe. Masu wannan sha'awa ba su da yawa, kuma labarin ha'inci ya fi labarin kirki saurin tafiya.

Abin da kuka sha wahala kuka saya, ku kula da shi. Robar tana da ƙarko ƙwarai, amma rana abokiyar gabarta ce. Fararen tubala da masu ruwan toka da shuɗi sukan koma ruwan ɗorawa idan suka daɗe a bakin taga. Kamfanin ya ce kada ruwan wanke su ya wuce digiri 40 na zafi, ku kuwa kun san yadda cikin mota ko ɗakin kwano yake da rana tsaka a watan Afrilu. Ku nemi wuri mai inuwa, in da hali kabad mai gilashi saboda ƙura. Ku share da burushi mai laushi, ku wanke da ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗan sabulu, ku shanya a inuwa. Kada ku raba tubala da haƙori, akwai ɗan abin ɓamɓarewa da ke zuwa cikin manyan saituka. Wajen ajiya ku ware su bisa siffa, domin ido yana saurin tsinto jan tubali cikin masu siffa ɗaya, amma neman ƙaramin guntu cikin tulin ja zalla aiki ne. Wanda ya fi duk waɗannan muhimmanci: ƙananan guntaye haɗari ne ga yaron da bai kai shekara uku ba, domin komai baki yake kaiwa. An yi musu Duplo tun 1969, mai ninki biyu a tsawo da faɗi da kauri. Bayan kowane zama ku duba tabarma da ƙarƙashin kujera. Rigakafi ya fi magani.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin wannan ya fi kuɗi da ƙura nauyi. Ɗana, kada ka ɓoye wa matarka farashin abin da ka saya. 'Yata, ke ma haka ga mijinki. Sha'awar da sai an yi mata ƙarya kafin ta shigo gida ta riga ta wuce gona da iri. Na san gidan da rigimarsu ba a kan kuɗin ta tashi ba, a kan ɓoyewar ce, domin ranar da gaskiya ta fito sai aka fara shakkar kowace magana. Na kuma ga magidancin da ya daka wa ɗansa tsawa har yaron ya firgita, don ya taɓa wata mota da ke kan kanta. Motar an gyara ta cikin ɗan lokaci, ai don haka aka yi ta, amma yaron ya daɗe bai sake shiga ɗakin ba. Ku ajiye masu wuyar haɗawa inda hannu ba ya kaiwa, sannan ku ware kwano guda na tubala da yara za su zube a tabarma su yi yadda suka so, ku zauna ƙasa tare da su. A nan yaro yake koyon ƙirga, da auna tsawo, da haƙurin sake tayar da abin da ya rushe. Ku lura da lokaci kuma. Ledar tubala ɗaya takan ja wata, har dare ya raba ba a sani ba. Idan aka kira salla ku miƙe, idan baƙo ya yi sallama ku fito, idan akwai aiki da safe ku kwanta. Tubali ba ya gudu, inda kuka bar shi nan za ku same shi.

Ga inda nake fatan ku kai. Bin littafin jagora shafi bayan shafi kamar zaman yaron tela ne gaban maigidansa: dole ne a fara da shi, a nan ake koyon sirrin aiki, amma wata rana sai ya ɗauki almakashi ya yanka nasa. Bayan kun gina saiti kun more kallonsa, ku yi ƙarfin halin wargaza shi ku gina abin da ke cikin kanku. Ekow Nimako, ɗan asalin Gana da ke zaune a Toronto ta Kanada, da baƙaƙen tubala yake aiki. Ya ɗauki kusan guda 100,000 ya gina Kumbi Saleh, babban birnin tsohuwar daular Gana, yadda yake hango shi nan da shekara dubu, aka baje shi a gidan tarihin Aga Khan. David Aguilar, wani matashi daga ƙasar Andora da aka haifa hannunsa na dama bai cika ba, ya wargaza saitin jirgi mai saukar ungulu ya ƙera wa kansa hannun da ke lanƙwasawa yana ɗaukar abu. Kamfanin ma yana da shirin LEGO Ideas, inda kowa zai iya gabatar da ƙirarsa, idan ta sami goyon bayan mutum 10,000 a duba yiwuwar mayar da ita saitin sayarwa. Duk waɗannan mutane da kwalin kanti suka fara, kamar ku.

Ku kuma kuna da abin ginawa da ba za ku same shi a kantin kowa ba. Ga Hasumiyar Gobarau a Katsina. Ga masallacin Agadas da itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyarsa. Ga Gidan Makama da ƙofofin Kano, ga zankwayen da ke kan soraye, ga bakan gizon da Babban Gwani ya ɗaure a masallacin Juma'a na Zariya. Ku je ku tsaya gabansu, ku ƙirga ƙofofi da tagogi, ku tambayi tsofaffin magina yadda ake ɗaure rufi da azara, sannan ku dawo ku gwada da tubala masu ruwan ƙasa. Na farko ba zai yi kyau ba, na biyu zai fi, kuma kafin ku gama za ku san ginin kakanninku fiye da yadda kuka taɓa saninsa. In tubalanku ba su isa ba, ku nemi 'yan'uwanku masu wannan sha'awa ku haɗa, ku yi musaya, ku gayyaci yaran unguwa ranar Asabar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin ku sayi kwali na gaba, ku tambayi kanku abu uku: kuɗin nan rara ne bayan na sauke haƙƙoƙin da ke kaina? Zan iya faɗin farashinsa a gida ba tare da na rage ba? Kuma yaushe zan buɗe shi, da wa? Idan amsoshin sun kwanta muku a rai, ku saya da farin ciki, ku gina, ku wargaza, ku sake ginawa, ku koya wa na ƙasa da ku. Idan ɗaya ta tsaya muku a wuya, ku dakata, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa albarka a hannuwanku da dukiyarku, ya ba ku wadatar zuci.